Dila ya ƙi yarda in goga katin bashi a cinikin mota, ku ban shawara

Bakano a Columbus:
Slm jama'ar gida, barkanmu da dare. Dan Allah ina neman shawara da gaggawa don ranar Asabar zan koma wajen mutanen nan. Motata ta mutu makon jiya, giyabos ne ya tafi, bakanike yace gyaran ya fi ƙarfin kuɗin motar, kuma kun san aikin da nake na kai kaya ne, in ba mota ba abinci. Na samu Camry 2017 a wani garejin saida motoci, mun daidaita a dala 14,500, da aka zuba haraji da kuɗin takardu da lamba ta tashi 16,200. Ni kuma abin da ke akawun ɗina 9,000 ne cif. Saura 7,200 kenan. Ina da kiredit kad, wato katin bashi, mai limit ɗin 10,000, iyakar abin da zan iya ci kenan, wanda kusan ban taɓa shi ba, na ciro shi nace su goga ragowar, sai yaron ya shiga ciki ya fito da manaja, manajan yace su 3,000 kawai suke karɓa a kati, duk abin da ya haura sai sun ɗora min kashi 3 cikin ɗari, amma wai in ina so ga ofishin fainans ɗinsu nan su haɗa min lamuni a take. Abin ya ɓata min rai wlh, kati nawa ne, limit nawa ne, ina ruwansu? Doka ta ba su damar haka ko dai sun ga baƙon fuska ne?

Baban 'Yan Biyu:
Wslm. Kai ɗan'uwa kar ka yarda, matsa musu za kai. Ni bara da na sai wa madam mota 5,000 na goga a kati ko sisi ba su ƙara min ba, kuma foyin ɗin da na samu, wato makin tukuicin da katin ke bayarwa in ka kashe kuɗi, su suka rage min kuɗin tikiti da zan je gida. In sun ƙi ka miƙe ka nufi ƙofa, da kansu za su biyo ka har fakin

Tsohon Dila:
Bakano ba raini bane, shekara huɗu na yi a irin wannan garejin kafin in koma tuƙin babbar mota, kuma abin da manajan nan ya gaya maka shi zai gaya wa bature ɗan garin. Duk sanda aka goga kati mai shago ba ya karɓar kuɗinsa cikakke, bankin da ya ba ka katin da Visa ko Mastercard da kamfanin da ya ba su na'ura kowa sai ya yanki nasa, kusan kashi 2 zuwa 3 ne ke tafiya, American Express kuwa yawanci ta fi tsada. A cinikin takalmi ba a jin zafinsa. Amma ka lissafa a mota: kashi 3 na 16,200 dala 486 ne, kuma akwai motar da ribar da ke kanta gaba ɗaya ba ta wuce dubu ɗaya da ɗoriya ba, kaga an cinye kusan rabi. Shi yasa kowane gareji ke da iyakarsa, wani 2,000 wani 3,000 wani 5,000, manaja ne ke yankewa, ba wata doka da ta tilasta musu karɓar kati.
Abu na biyu da ba za su faɗa maka ba shine tsoron a ja kuɗi baya. Mutum ya tafi da mota, bayan wata ɗaya ya kira bankinsa yace bai yarda da cinikin ba, banki ya janye kuɗin sai an yi bincike, mota tana hannun wani kuɗi kuma an riƙe. Na ga an yi mana sau biyu.
Na uku kuma, shi ne babba, ofishin fainans ɗin nan da ya nuna maka nan abincinsu yake. In banki ya amince ya ba ka a kashi 8 su sai su ce maka 10, bambancin nasu ne, sannan su cusa maka garantin ƙari da su inshorar GAP, wadda ke cike giɓin bashin in mota ta salwanta kuɗin inshora bai kai ba. Mai zuwa da kuɗinsa a hannu ba shi suka fi so ba.

Bakano a Columbus:
Allah ya saka Tsohon Dila, yanzu na gane. To amma kashi 3 ɗin fa, halas ne a doka su ɗora min?

Tsohon Dila:
Ya danganta da jiha. Connecticut da Massachusetts sun hana, yawancin sauran jihohi an yarda matuƙar sun sanar da kai kafin ka biya kuma ya fito a risit. Visa ta tsaida nata a kashi 3 tun 2023, ba a wucewa. Amma ka riƙe wannan, katin debit wato wanda ke cira kai tsaye daga akawun ɗinka ba a yarda a ɗora masa wannan kuɗin ba, ko da an goga shi ta hanyar kiredit. In suka ce za su ɗora maka a debit ka ce a'a

Akanta Ɗan Zazzau:
Ni kashi 3 ɗin nan bai dame ni ba, ƙaramin alhaki ne. 4,200 ne ya haura iyakarsu, kashi 3 ɗinsa dala 126. Tambayata ɗaya Bakano, ka buɗe af ɗin katin ka duba sitetmen, nawa ne ruwan da aka rubuta na shekara? Sannan in ka goga 7,200 ɗin yaushe za ka biya?

Bakano a Columbus:
Na duba, 24 da ɗigo kaɗan. Biya kuma gsky inaga zan iya 300 duk wata, in aiki ya yi kyau lokacin Kirsimeti in ƙara

Akanta Ɗan Zazzau:
To ga matsalar nan, ba a wajen dila take ba. Kashi 24 a shekara kashi 2 ne duk wata. Watan farko ruwa kaɗai dala 144, wato cikin 300 ɗin da ka zuba 156 ne kawai ya taɓa uwar kuɗi. A haka sai ka yi wata 33 kana biya, jimla wajen 9,900, ruwa kaɗai kusan 2,700. Motar da ka yi ta ja-in-ja a kanta don a rage maka ɗari biyar ka ga ta koma kusan 19,000. Kuma wannan in ba ka sake saka ko man fetur a katin ba kenan, don da zarar ka bar saura a kai to rangwamen kwanakin nan da ba a ƙirga maka ruwa ya faɗi, duk abin da ka saya daga ranar yake fara ƙirga ruwa.
Baban 'Yan Biyu kai da ka goga 5,000, ka bar shi ya kwana?

Baban 'Yan Biyu:
A'a ni kuɗin na ajiye a akawun, kwana biyu na biya abina. Foyin kawai na bi

Akanta Ɗan Zazzau:
Ka ji. Kai da kuɗinka ka je, katin hanya ce kawai ka bi da su. Shi kuma bashi zai ci. Ba ciniki ɗaya kuke ba, don Allah mu dinga bambancewa kafin mu ba mutum shawara. Ko foyin ɗin ma, in katinsa na mayar da kashi 1.5 ne, a 7,200 dala 108 zai samu, dila ya karɓe 126, tun a bakin kanta an ci shi

Baban 'Yan Biyu:
Malam Akanta ai ban ce ya bar bashi ya yi shekara uku ba. Akwai katunan da ke ba da wata 15, 18 har 21 ba ruwa ko kwabo, ya buɗe ɗaya ya mayar da bashin can. Mutane nawa ke yi? Kullum ku sai tsorata mutane, a ƙasar nan in ba ka motsa kiredit ba ko gidan haya mai kyau ba za ka samu ba

Akanta Ɗan Zazzau:
Akwai su, ban musa ba. Amma mayar da bashi daga kati zuwa kati ana cirar kashi 3 zuwa 5 a take, sannan ba ka san limit ɗin da za su ba ka ba sai bayan sun amince, kana buƙatar 7,200 su ba ka 2,500 ya za kai? Kuma 7,200 a wata 18 dala 400 ne duk wata ba fashi, shi da bakinsa yace 300. Ranar da wa'adin ya cika abin da ya saura ruwan sama da 20 zai hau kai. Ga kuma makin kiredit da bankuna ke dubawa kafin su ba ka bashi, a lissafin kamfanin FICO mai fitar da shi yawan bashin da ke kanka kashi 30 ne na makin, mutum ya cika kashi 72 na limit ɗinsa rana ɗaya, sannan ya je neman sabon kati, wane banki ne zai yi murna da shi? In ma za a bi wannan hanyar to kafin a goga ake neman katin ba bayan an goga ba

Hajiya Uwar Adashi:
Assalamu alaikum 'ya'yana. Na tashi sallar dare na ga saƙo sun taru. Bakano ɗana bari in ba ka labarin ƙanin maigidana, ba zan kama suna ba yana cikin wani gurup ɗin. Shekarar da ya zo ya ga kati uku sun shigo masa ta akwatin wasiƙa ya ɗauka arziki ne, ya haɗa su ya sai mota yana jigila da ita, wata shida wani ya buge shi a mahaɗa, inshorar da ya yanka kuma mai arha ce wadda ke biyan na wani kawai, mota ta tafi bola bashi yana nan daram. Shekara uku yaron nan yana biyan motar da babu ita, na sha ganinsa a kicin ɗina ya baza ambulan a kan tebur yana jera su, wannan na ranar 5 wannan na ranar 17, shayi ya huce bai sha ba. Mahaifiyarsa ta rasu bai samu zuwa ba don ba kuɗin jirgi. Bashi hanji ne yana cikin kowa, na sani, amma wani bashin ya fi wani.
Kana cikin adashi kuwa?

Bakano a Columbus:
Allah ya jiƙanta Hajiya. Eh ina cikin na 'yan masallacinmu, mu goma ne 500 duk wata, amma ɗaukata sai Maris

Hajiya Uwar Adashi:
To ka samu mai ɗauka wannan watan ka roƙe shi ku yi musanya, ba abin kunya bane, don irin wannan ranar aka yi adashi. Mu a namu duk wanda motarsa ta mutu ko aka yi masa rasuwa gaba ake sa shi ba a ko muhawara. 5,000 da 9,000 ɗinka 14,000 kenan, saura 2,200

Almajiri a Bronx:
Jama'a ku yi haƙuri, tun ɗazu ana lissafin kashi kaza da kashi kaza ba wanda ya ambaci sunan abin. Riba ce. Allah ya halatta ciniki ya haramta riba, aya ta 275 a Baƙara, ba ta ce sai in ta kai 24 ba. Kuma ba maganar biyan ruwa kaɗai ba, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Riyad a 2000 ta yanke cewa katin da aka gindaya sharaɗin ruwa a cikinsa bai halatta a yi mu'amala da shi ba ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin wa'adi. Sa hannun da ka yi ka riga ka yarda da sharaɗin. Ni shekarata tara a nan ba ni da kati ko ɗaya kuma ban mutu ba

Baban 'Yan Biyu:
Malam kai a Bronx kake, jirgin ƙasa na bin ƙarƙashin gidanka. Ka zo Houston ka zauna wata ɗaya ba mota ka gani. Hayar mota ma ta kwana biyu wasu ba sa ba ka sai da kiredit kad

Almajiri a Bronx:
Wahala ba ta mayar da haram halas sai in lalura ce ta gaske, kuma lalura malamai ke auna ta ba son zuciya ba

Malamin Islamiyya:
Almajiri abin da ka kawo gaskiya ne, hukuncin majalisar haka yake. Amma adalci shine a faɗi cewa akwai malaman da suka yi rangwame ga mazauna irin waɗannan ƙasashen, da sharaɗin mutum ya tabbata zai biya duka kafin ruwa ya hau, wasunsu suna kafa hujja da hadisin Barira inda Annabi SAW ya ce wa Nana A'isha ta saye ta ko da masu ita sun gindaya sharaɗin da bai inganta ba, sharaɗin ne ɓatacce. Wasu kuma suka ce ƙiyasin bai zauna ba don a nan kotu za ta tilasta maka sharaɗin. Saɓani ne sananne, kowa ya bi malamin da ya natsu da shi.
Sai dai ku lura, abin da Bakano ya zo da shi ba ya cikin saɓanin ma. Shi ba zai biya a cikin wata ba, ya san ruwa zai hau, to duka ɓangarorin biyu sun haɗu a kan wannan bai halatta ba. Lamunin ofishin fainans ɗin ma haka. Don haka maganar Hajiya ita ce mafita, ko ya nemi rance a wajen 'yan'uwa, ko ya sauko ya sai motar da kuɗinsa ya kai

Akanta Ɗan Zazzau:
Na yarda da Malam. Amma saboda masu karantawa da ba za su samu adashi ba kuma sun riga sun yanke sai sun ci bashi, gara su san cewa kati shi ne mafi muni a cikin hanyoyin. In kiredit yuniyon, wato bankin haɗin gwiwa na membobi, ta ba ka 7,200 ɗin nan a kashi 9, kana zuba 300, wata 27 ka gama, ruwa bai kai 800 ba. Ka kwatanta da 2,700. Kuma waɗanda ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya doka ta tsaida musu kashi 18 a yawancin lamuni. Ban ce halas bane, lissafi nake

Almajiri a Bronx:
Ƙaramar riba da babbar riba duk sunansu ɗaya Akanta

Admin:
An ji kowa. Maganar hukunci ta tsaya nan don Allah, Malam ya yi bayani. A koma kan yadda bawan Allah zai samu mota ranar Asabar

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
Salamu alaikum. Ni hwa wani abu ɗaya nika so in ƙara wanda ba a taɓo ba. Mu da muke aika motoci gida ta Kwatano mun san darajar taitul, wato takardar mallakar mota. In ka ɗau lamuni wurin dila ko banki sunansu na bisa takardar motar har ran da ka gama biya, ba ka iya saida ta yadda kake so, ba ka iya sa ta jirgin ruwa, don kwastan na Amurka sai sun ga taitul na asali awa 72 kamin mota ta fita, in da bashi a kanta sai da takardar izinin mai bashin. Kuma dole su sa ka yanki cikakkar inshora. Wanda ya biya da kati ko da kuɗinsa taitul ɗinsa fes yake fitowa da sunansa. To wanga shi ne kawai abin da ni gani na kirki ga kati, banki ba ya zuwa da dare ya ja motar. Amma bashin na nan wuyanka, in ka kasa kotu za su kai ka

'Yar Birmingham:
Ikon Allah, ku naku daban ne. Mu nan Ingila shawarar da ake ba kowa ita ce ka tabbata ka biya ko ɗan wani abu da kiredit kad in za ka sai mota, saboda sashe na 75 na dokar bashi ta 1974. In kuɗin kayan ya haura fam 100 bai wuce 30,000 ba, ko kafin alƙalami kawai ka biya da katin, to kamfanin katin shi ma yana da alhakin cinikin gaba ɗaya in dila ya yaudare ka ko ya rufe shago. Ni fam 200 na sa a kati sauran na yi transfa. Kuma tun Janairun 2018 an hana shaguna ƙara wa mutum kuɗi don ya biya da kati. Amma nan ma garejin da yawa sai su ce kati iyakarsa kaza. Ku ba ku da irin wannan kariyar?

Tsohon Dila:
Akwai amma ba ta kai taku ƙarfi ba. Nan kana da kwana 60 daga sitetmen ka ƙalubalanci kuskure, kuma kana iya riƙe biya in kaya sun zo da matsala, amma abin da ke kan katin kawai ya shafa, in 2,000 ka goga to a kan 2,000 za a yi magana. Kuma Bakano ka buɗe ido, duk tsohuwar mota a gareji akwai takarda manne a gilashi, Buyers Guide, doka ce ta sa su manna. In an yi alama a inda aka rubuta As Is to yadda ka ganta haka ka saya, ka fita get injin ya buga naka ne, bankin katinka ba abin da zai maka. Sannan maganar da mutanenmu ke yaɗawa wai kana da kwana uku ka mayar da mota, a yawancin jihohi babu ita a cinikin gareji, ka sa hannu shikenan sai in su suka rubuta maka da kansu. Na ga mutum ya dawo washegari da matarsa da jariri yana roƙo, manaja ya nuna masa sa hannunsa kawai, har yau abin na damuna

Bakano a Columbus:
Innalillahi, wlh As Is ɗin na gani a jiki ban san ma'anarsa kenan ba. Yaron cewa yayi ai Toyota ce ba ta da matsala

Tsohon Dila:
Duk abin da ba a rubuce yake ba iska ne. Ka ce za ka kai ta wajen bakanikenka ya ɗaga ta ya duba, ɗari da wani abu za ka kashe, in sun hana ka to ka san akwai dalili. Ka ɗau lambar VIN, harufa da lambobi 17 ne a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ka ce su buga maka Carfax, wato rahoton tarihin motar. Kuma tunda manaja ya riga ya san kana da giɓi, ranar Asabar za su zaunar da kai su fara tambayar nawa za ka iya biya duk wata, kar ka amsa wannan tambayar ko sau ɗaya, ka ce jimlar kuɗin fita da mota kawai nake so a rubuce

Baban 'Yan Biyu:
Wannan gsky ne. Amma ni har yanzu ina kan bakana, kafin alƙalami a kati ya fi. In ka ba su tsabar kuɗi su riƙe maka mota sannan ciniki ya watse sai ka yi ta sintiri kafin su dawo maka da shi

Akanta Ɗan Zazzau:
A nan kam ba mu da saɓani, matuƙar kuɗin na akawun kuma a rubuta cewa ana mayarwa

Sabon Zuwa:
Dan Allah tambaya, ni wata biyar da zuwa na. Me zai hana ya je ATM ya ciro kuɗin daga katin ya kai musu a hannu, kaga ba kashi 3 kenan. A gida ai transfa kawai muke ko a kai kuɗi a jaka

Akanta Ɗan Zazzau:
Kul ƙanina, kar ka taɓa yin wannan. Katin da ka saba da shi a gida kuɗinka ne a ciki, wannan kuɗin banki ne. Ciro tsabar kuɗi daga kiredit kad ana cirar kashi 3 zuwa 5 nan take, ruwansa ya fi na sayayya, kuma ba shi da kwanakin rangwame, daga ranar da ka ciro yake fara hawa. Limit ɗin cirewar ma ƙarami ne ba zai kai ba.
Tunda ka kawo maganar jaka, duk wanda ya kai wa dila tsabar kuɗi sama da 10,000 sai sun cika fom 8300 sun aika wa hukumar haraji ta IRS cikin kwana 15. Ba laifi bane, kuɗinka ne na halas, ka ba da ID a cika a wuce wurin. Laifin shine ka rarraba, yau 6,000 jibi 6,000 da niyyar kauce wa fom ɗin, wannan shi ke jefa mutum a matsala. Mafi sauƙi ka shiga bankinka su yanka maka kashiyas cek, wato cek na bankin da kansa, da sunan garejin

Sabon Zuwa:
Na gode yaya, wlh da ni ne da na tafka

Hajiya Uwar Adashi:
Bakano ka yi shiru, ka kira mai adashin?

Bakano a Columbus:
Na kira Hajiya, wani dattijo ne ɗan Kumasi ke da ɗaukar watan nan, yace zai yi shawara da iyalinsa don sun so su tura kuɗin rufin gini. Gobe bayan Juma'a za mu haɗu. Ku sa ni a addu'a

Malamin Islamiyya:
Allah ya sassauta. In ya yarda ku rubuta a takarda da shaidu biyu, ko da kun yarda da juna, haka aka umarce mu a ayar bashi

Bakano a Columbus:
Slm jama'a, ga yadda aka ƙare. Dattijon nan ya yarda Allah ya biya shi, yace ginin zai jira Maris tunda ba a fara ruwa ba, liman da uban adashi suka sa hannu. Asabar da safe na biya dala 140 bakanike ya ɗaga motar, injin da giya lafiya amma birkin baya ya cinye kuma tayoyin gaba biyu sun kusa ƙarewa, ya rubuta min a takarda. Na kai wa manajan, aka yi ta shiga ana fita, sau uku suna tambayata nawa zan iya duk wata ina cewa jimla nake so, ƙarshe suka sauko 15,600 kuɗin fita. Mutumin ofishin fainans ya riƙe ni kusan minti arba'in yana nuna min garanti na shekara uku, nace a'a har ya gaji.
Banki sun rufe kafin mu gama, to sai na sa 1,600 a kati su riƙe min ita zuwa Litinin, ba su ƙara ko sisi ba tunda bai kai 3,000 ba, aka rubuta a risit cewa ana mayarwa in ciniki bai faɗa ba. Litinin na kai cek na 14,000. Albashin sati biyu ya shigo Juma'a, da shi da ɗan abin da madam ta ciro daga nata na goge 1,600 ɗin tun sitetmen bai fito ba. Almajiri na san ba ka so ko hakan ba, na ji maganarka kuma tana raina. Akawun ɗina yanzu dala 212 ne a ciki kuma birki na jirana

Almajiri a Bronx:
Allah ya sa alheri ya tsare hanya. Ka yanke katin nan in ka samu iko

Akanta Ɗan Zazzau:
Barka. Ka sake leƙa af ɗin bayan kwana uku ka tabbata biyan ya zauna ya nuna sifili, wani lokaci yana rataye

Hajiya Uwar Adashi:
Alhamdulillahi, Allah ya sa ta zama ta arziki. Zubin dattijon nan kar ya yi lattin ko kwana ɗaya ɗana, kuma in ka tashi yanka inshora ka tuna da labarin da na ba ka

Ɗan Maraɗi a Greensboro:
Barka da arziki. Taitul ɗin in ya wuce wata guda bai zo ba ka koma ka tsaya musu. Birkin baya kuma kar ka kai gareji, sayi fad ɗin birkin da kanka ka biya bakanike kuɗin hannu kawai

Bakano a Columbus:
Amin na gode kwarai. Akwai wanda ya san inda ake samun tayoyi masu sauƙi a nan Columbus kafin dusar ƙanƙara ta fara? 215/55 R17 ne